Rasuwar Siririya, Sandar Wanke Bindiga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu warin mai da har yau sabulu ya kasa fitarwa, ni mai gyaran bindigogi na ƙungiyarmu ta wasan harbi, a madadin kaina da Yayana da dukan kayan aikin da ke rataye a bangon shagona, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinmu, Siririya, sandar wanke cikin bindiga. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, da yamma, a bakin aiki, kanta na cikin bututun bindiga, ƙotarta na hannun Yaya. Ta yi shekara arba'in da 'yan kai a duniya, kuma ba ta taɓa kwana da datti a jikinta ba.

Kafin in ci gaba, ina da roƙo ga wadda za ta karanta wa Yaya wannan sanarwa, wato matarsa, tunda shi ya ce rubutun zamanin nan duk an ƙanƙantar da shi. Don Allah ki karanta daga farko har ƙarshe. Kada ki tsallake ko layi ɗaya, ko da ya ce shayinsa na hucewa.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninta ba, Siririya doguwa ce, miƙaƙƙiya, ƙarfe ɗaya tun daga wuya har ƙota, babu gaɓa babu haɗi. Mahaifinmu ne, Allah ya ji ƙansa, ya ƙera ta da hannunsa a wannan shagon, tun ina rarrafe a ƙarƙashin teburi. Ya yi mata ƙotar itace mai juyawa da kanta, ya yi mata wuya da kai na tagulla, saboda tagulla ta fi ƙarfen bindiga taushi, ko ta goga ba ta ƙwarzanewa. Da ya gama, ya mirgina ta a kan gilashin teburi, ta tafi sumul ba ta ɗingisa ba, sai ya ce, “Ta yi.” A iya sanina wannan ne yabo mafi tsawo da Baba ya taɓa yi wa wani abu, har da mu 'ya'yansa.

Aikinta ɗaya ne a duniya, kuma ta riƙe shi da mutunci. Duk harsashin da ya fita daga bindiga yana barin kaya iri biyu a baya. Na farko kunkunniyar albarushi, baƙa, mai cika ido amma marar taurin kai. A jiƙa ƙyalle da ruwan wanki a tura, ya fito baƙi ƙirin, a bi da buroshi, a sake turawa, kafin hannunka ya gaji ta sallama. Na biyun shi ne mugun, wato jan ƙarfen da ke jikin harsashi. Shi ba ya nuna kansa. Kowane harbi sai ya shafa ɗan kaɗan a cikin layukan nan da suka murɗe a cikin bututu, ya kwanta luf, wani ya zo ya kwanta a kansa, har ranar da bindigar da ka sani shekara da shekaru za ta fara kai saƙo gidan da ba ka aike ta ba. Maganinsa wani ruwa ne mai warin da ke sa ido hawaye. A jiƙa bututun da shi, a ba shi ɗan lokaci, a tura farin ƙyalle. In ya fito shuɗi, akwai jan ƙarfe, a sake. In ya fito fari, an gama, a busar, a shafa mai kaɗan, a yi hamdala. Wannan ita ce duk shari'ar shagonmu, kuma Siririya ce ke shiga ta ɗauko shaida.

Marigayiya mai ladabi ce. Ba ta taɓa shiga bindiga ta baki ba. Kullum ta baya take bi, ta inda harsashi ke shiga, don kada ta ci gefen bakin, wanda in ya sami ko ɗan tabo ne, saiti ya tafi ke nan. Ba ta taɓa juyawa a tsakiyar hanya ba. In ta shiga sai ta fita ta wancan gefen, a cire mata ƙyalle mai datti, sannan ta dawo hannu wofi, a goge mata jiki kafin ta koma. Ba ta da gulma. Ta san cikin kowace bindiga a ƙungiyar nan, ta san wanda ke barin tasa wata da watanni ba wanki sannan ya zo ya ce jiya-jiya ya goge, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai ni. Ni kuma ban faɗa wa kowa ba sai maiɗakina. Yadda maganar ta kai kunnen sauran jama'a, wannan ba laifin marigayiya ba ne.

Ta ga jarrabawa a rayuwa, kamar kowane mai tsawo. An sha zuwa aronta don a zaƙulo makulli daga ƙarƙashin mota, ko a buɗe bututun ruwan da ya toshe, ko a sauko da takalmin da ya maƙale a rufi. Duk na hana, na yi abokan gaba saboda ita, ban kuma yi nadama ba. Sau ɗaya kawai ta yi aikin da ba nata ba, ranar da na je da ita gida maiɗakina ta ɗauka ta rataya labule a kai. Na shigo na tarar da ita a saman taga, ɗauke da yadi mai furanni. Abin da ya biyo baya tsakanina da maiɗakina an riga an sasanta shi, ba sai an tada shi a ranar makoki ba.

Ba ta da yawan magana. Kalmominta uku ne a duniya. In ta shiga bututu mai datti sai ta ce “ƙirrr,” a hankali, kamar mai yin tsaki. In bututun ya fara haske sai ta koma “shuuu,” ƙotarta na juyawa a tafin hannunka tana bin murɗin layukan. In kanta ya leƙo ta baki kuwa, sai ta ce “fut,” ƙyallen ya faɗi a kwano. Wanda ya daɗe da ita ba ya bukatar haska fitila, da kunne yake sanin inda aka kwana. Tun ranar Asabar shagon nan ya yi shiru, har ƙarar agogon bango nake ji, agogon da na manta yana aiki.

Ba za a ba da tarihin Siririya ba tare da an ambaci Yaya ba, ko da yake na san yanzu ya fara gyara zama yana ce wa matarsa ta wuce nan wajen. Baba ya rasu ban kai riƙe shago ba. Yaya ne ya riƙe ni, ya riƙe shagon, har na kawo ƙarfi. Da aka zo rabo, ni na gaji kayan aiki, shi ya gaji ido. Kofunan da ya ciyo sun cika kabad, har matarsa na zuba maɓallai da allurai a cikin ƙananan. Rabin masu harbi a ƙungiyar nan shi ya koya musu yadda ake riƙe numfashi kafin a taɓa kunamar bindiga. Ni ma shi ya koya mini riƙon Siririya, da baki da ranƙwashi, kuma akwai darasi ɗaya da ya sha maimaita mini har ya zauna:

“Auta, buɗe kunnenka. Tagulla 'yar jan ƙarfe ce. Ruwan nan bai san ɗan gida ba, yadda yake cin na harsashi haka yake cin kan sandar. In ka ga shuɗi kaɗan-kaɗan ya ƙi ƙarewa, ba bindigar ba ce, sandarka ce ke zubar da jini. Ka tsaya haka nan.”

Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan magana, don mai ita ya ajiye ta wani wuri ya manta.

Jinyar marigayiya ta faro wajen shekara biyu da suka wuce, kuma ba daga jikinta ta faro ba. Harbin Yaya ne ya fara buɗewa. Ramukan harsashinsa a jikin takardar da ake auna saiti, waɗanda a da murfin kwalba ke rufe su, suka koma sai tafin hannu, daga baya sai faranti. Ranar farko ya ce iska ce. Ta biyu ya ce harsashin bana ba shi da kyau. Ta uku ya shigo shago, ya ɗora bindigarsa a kan teburi ya ce, “Jan ƙarfe ne. Wanke mini ita.”

Na wanke. Kunkunniya ta fita, ɗan jan ƙarfen da ke ciki ya fita, ƙyalle ya koma fari, sai ɗan shuɗi-shuɗin nan a tsakiya, daidai inda kan Siririya ya taɓa. Yaya ya ɗauka ya ɗaga wajen taga ya ce, “Ka gani ko?” Na ce, “Na gani, Yaya.” Ya ce, “Shuɗi ne ko ba shuɗi ba?” Na ce shuɗi ne. Ina so jama'a su shaida ban yi ƙarya ba. An tambaye ni launi, na faɗi launi. Ba a tambaye ni daga ina launin ya fito ba, kuma wanda ya tashi a hannun Yaya ya san ba a ba shi amsar tambayar da bai yi ba.

Daga nan kowane mako sai ya kawo ta. Bindigar nan ta yi tsabtar da in ka leƙa cikinta sai ƙyallinta ya kashe maka ido, amma Yaya ya dage akwai sauran jan ƙarfe da ya maƙale tun zamanin Baba. Ya ce ruwan nawa ba shi da ƙarfi, ya sayo wanda ya fi shi wari. Ya ce ba na ba shi lokaci, ya sa aka riƙa barin kan Siririya jiƙe yana shan magani mu muna hira. Ita kuwa baiwar Allah, duk sanda aka tura ta sai ta ɗebo daga jikinta ta shafa wa ƙyalle, don dai Yaya ya sami abin ɗagawa wajen taga. Kanta ya rame. Wuyanta ya yi ramuka-ramuka. Ƙyallen da a da yake kama ta cif ya fara zamewa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai “shuuu” ɗinta ya koma can ƙasa-ƙasa.

A wannan tsakanin an ga wasu alamu da ba su da alaƙa da jan ƙarfe. An ga Yaya ya tsaya ya gaida rigar ruwan da ke rataye a bayan ƙofar shago, har ya tambaye ta iyali. An ga ya zuba gishiri a shayi ya shanye, ya ce haka yake so yanzu. Jikarsa ta kawo masa zanen da ta yi a makaranta, ya riƙe shi a kife ya yaba kyan jirgin, alhali hotonsa ne ta zana. Matarsa, wadda ba ta da haƙurin Siririya, ta sa shi a gaba har wurin likitan ido. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ta dama ta fi nisa, kuma aikin ɗan ƙarami ne, a shiga da safe a fito kafin rana ta take. Amma ya ce kada a ja lokaci, don in yanar ta yi tauri aikin zai yi wuya, kuma ba zai iya alkawarin idon zai dawo yadda yake ba. Yaya ya ce ya ji, ya gode. A mota ya shaida wa matarsa cewa idon da ya cika kabad da kofuna babu mai sa masa wuƙa, kuma likitan nan yaro ne, bai san komai a kan jan ƙarfe ba.

Ba don tonon asiri na faɗi wannan ba. Tsoro yake ji, ni kuma ban taɓa ganin Yaya yana jin tsoro ba, shi ya sa na rasa yadda zan yi da shi. Wannan fa shi ne mutumin da ya riƙe hannuna ranar da aka kai Baba makwancinsa, wanda in yana gida ba na tashi duba ko an kulle ƙofa. Abin da ya fi mini sauƙi shi ne in tura sanda in ce shuɗi ne.

Ranar Asabar aka yi gasar ƙarshen shekara. A layin harbi, kusa da Yaya ta hannun dama, Tela ne. Kowa ya san Tela. Shi ke kawo mana ragowar farin yadi muna yanka ƙyalle, mutumin kirki, mai kyauta, wanda tunda ya shiga ƙungiyar nan babu wurin da ya fi aminci a fili kamar tsakiyar takardarsa. Aka ba da izini, aka yi harbi, aka sauke bindigogi, alƙalin fili ya tafi duba takardu. Takardar Yaya fes, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Takardar Tela kuwa rami biyar a tsakiyar baƙi, a cure wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su har da saura. Harsasan Tela na kansa an same su inda aka saba samunsu, a cikin tudun ƙasar da ke baya.

Tela ya daka tsalle, ya rungumi alƙali, ya kira matarsa a waya. Sai da aka zaunar da shi aka yi masa bayani a hankali. Ba wanda ya yi dariya sosai, don kowa ya gane abin da ya faru. Inuwar bishiyar da ke gefen fili ta sauka a kan takardar Yaya, ta Tela kuma tana cikin haske, ita kaɗai ya iya gani, ita ya harba. Hannun na nan, bindigar na nan, abu ɗaya ne babu. Alƙalin fili, wanda shi ma ɗalibin Yaya ne, ya cire hularsa ya matso ya ce, “Malam, ka yi haƙuri. Ka san dokar, kai ka koya mana ita. Wanda bai bambance takardarsa ba, ba ya hawa layi. Sai ranar da likita ya ce ka dawo.” Yaya ya buɗe bindigarsa kamar yadda doka ta ce, ya nuna babu komai a ciki, ya saɓa ta, ya nufo shago.

Ban taɓa ganin ya shigo da irin wannan saurin ba. Ya ɗaure bindigar a teburi da kansa, ya ture ni gefe ya ce, “Ba ni ita. Kai wasa kake yi da wankin nan.” Ya sauko da Siririya daga ƙusarta. Ya laluba ya ɗauki ƙyalle, sai dai biyu ne manne da juna, bai gani ba. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce in rufe. Ya jiƙa, ya tura. Ta shiga da ƙyar, ta yi tafiya har tsakiya, ta tsaya cak. Ya danna, ta ƙi. Ya sa ƙirji ya danna da nauyinsa, na ga bayanta ya gantsare. Sai Yaya, wanda ya sha ranƙwashina a kan wannan tun gemuna bai fito ba, ya yi abin da ba a yi: ya fizgo ta baya daga tsakiyar hanya.

Kalmarta ta ƙarshe ba ta cikin ukun da muka sani. “Ƙas,” ta ce, shi ke nan. Jikinta ya fito a hannun Yaya, kanta ya zauna a ciki.

Na sa siririn itace na ƙwanƙwaso kan a hankali har ya faɗo a kwano, naɗe da ƙyallayen biyu. Sannan na kwantar da jikin a kan gilashin da Baba ya gwada ta ranar haihuwarta, na mirgina. Ta tafi tana ɗingishi. Masu ba da shawarar a sake mata wuya, na gode, amma sandar da ta lanƙwashe ba ta sake shiga bindiga, don gefe za ta riƙa ci. A nan na tabbatar rai ya yi halinsa.

Bindigar kuwa tana nan jiƙe da magani, ga shi ba a barin ruwan nan ya daɗe a ciki, don in ya rasa jan ƙarfe sai ya juya kan bututun. Dole na jawo kwalin da ke saman kabad. Wata sabuwar sanda ce da ƙungiya ta saya mini tun bara, baƙa, mai kan roba, wadda ban taɓa buɗewa ba don kada ran Siririya ya ɓaci. Roba ba ta da dangi a jan ƙarfe, ba ta da abin bayarwa daga jikinta, kuma ba ta san girman kowa ba. Ƙyallen farko ya kwaso ragowar marigayiya. Na sake jiƙawa, na jira, na tura wani. Ya faɗo a kwano.

Yaya ya laluba ya ɗauka, ya je wajen taga ya ɗaga. Ya daɗe yana kallo. Ya matso da shi har ya kusa taɓa hancinsa, ya mayar nesa. Ina jira ya ce “Ka gani ko?” kamar kullum. Sai na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai waiwayo ba.

“Auta, wane launi ne?”

A nan na gane shekara biyun nan ba nuna mini yake yi ba, tambayata yake yi. Na ce, “Fari ne, Yaya. Fari tas.” Ya ce, “To.” Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu, ya shafa ƙotar Siririya inda hannun Baba da nasa da nawa suka cinye itacen, ya fita. Ya bar bindigarsa a kan teburi, abin da bai taɓa yi ba. Ni kuma na zauna na yi kukan da na ce wa maiɗakina warin magani ne.

Marigayiya ta rasu ta bar buroshin tagulla guda, tsoho, mai sanƙo ta gefe ɗaya, wanda shi ma irin ciwonta ke cin sa, da buroshin roba, wanda bai taɓa yin aikin da za a tuna shi da shi ba. Ta bar jagoranta, ɗan bututun da ke riƙe ta a tsakiya in za ta shiga, wanda tun ranar yake kwance a aljihun teburi baki buɗe. Ta bar buhun ƙyallaye, rabi daga shagon Tela, rabi daga singiletocina da maiɗakina ke ta cigiya. Ta bar ƙanwa guda, sanda mai gaɓa uku da ake haɗawa a warware, wadda ba ma son yin maganar halinta a irin wannan rana, amma duk wanda ya ga abin da gaɓoɓinta suka yi wa bindigar ma'ajin ƙungiya ya san dalilin da ya sa take zaune a ƙasan akwati. Ta bar kwalbar magani, wadda wasu ke zargi da hannu a rasuwar. Iyalai sun yafe mata, aikinta ta yi. Ta bar bindigogi masu yawa da suka ci moriyarta. Wasu an kawo su gaisuwa, wasu kuwa masu su na jin kunyar a leƙa cikinsu. Sannan ta bar ƙusa a bango, da dogon layi a jikin fenti inda rana ba ta samu ta koɗar ba.

Muna godiya ga duk waɗanda suka tako ta'aziyya. Godiya ta musamman ga Tela, wanda ya kawo farin yadi mai kyau don a naɗe ta, ya kuma roƙi a bar masa takardar nan ya sa a firam, tare da alkawarin zai riƙa faɗin gaskiya in an matsa masa. Godiya ga alƙalin fili, wanda ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ina shaida masa daidai ya yi, kuma Yaya ma ya sani. Masu tambayar sabuwar sanda, tana nan lafiya. Tana aiki, ba ta da laifi, sai dai ba ta cewa komai, kuma ban ga alamar za ta taɓa rufa wa wani asiri ba.

Wanda bai zo ba har yanzu shi ne Yaya. Matarsa ta ce yana zaune a falo, ya ce ba ya jin fita, kuma farin ƙyallen na nan a aljihunsa, in ya canja riga sai ya mayar da shi cikin sabuwar. Saƙo ɗaya ya aiko ta da shi: kada a kuskura a rufe Siririya bai gan ta ba.

To, ga yadda aka tsara jana'iza. Gawa tana kwance a kan gilashin teburi, an goge ta, an shafa mata mai, an ajiye kanta kusa da wuyanta. An tanadi dogon akwatin katako, za a rufe ta a gindin bishiyar nan ta gefen fili, wadda inuwarta ta tona abin da muke ta rufewa. Ba za a harba bindiga sama don girmamawa ba, saboda mun san wanda zai yi wankin. Masu son riƙo wani abu su riƙo farin yadi na auduga, wankakke.

Rana kuwa, iyalai sun karɓi sharaɗin Yaya yadda ya faɗe shi, ba ƙari ba ragi. Ya ce ba za a rufe ta ba sai ya gan ta. Mun yarda. Amma gani muke nufi, Yaya, ba lalube ba. Akwai ramukan da maganin nan ya yi a wuyanta, ƙanana kamar bakin allura, duk na ranakun da ka ɗaga ƙyalle wajen taga ne. Ina so ka gan su da idonka na dama, ka yi mata godiyar da ta cancanta.

Likita ya ce yana da wuri ranar Talata da safe. Matarka ta riga ta guge maka riga. Ni zan tuƙa, zan zauna a bakin ƙofar ɗakin har ka fito, kuma in ka ce in riƙe maka hannu ba zan faɗa wa kowa ba, wannan karon har maiɗakina. Za a yi jana'izar Siririya ranar da aka cire maka bandeji, da yamma, kai za ka ɗauki akwatin ta wajen kai. In ka ƙi zuwa, ita ba ta wari ba ta kumbura, za ta yi ta jiranka a kan teburi, ni kuma ba ni da wurin yin aiki sai ka zo.

Talata da sassafe zan yi hon a ƙofar gida. Ka taho da ƙyallen nan na aljihunka. Ranar da aka buɗe idon, kai za ka faɗa mini launinsa.